Jif ɗina ta koma shan mai fiye da ƙima, daga ina zan fara dubawa?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu ilimin mota. Ina da jif mai silinda shida, giyarta otomatik, ƙirar 2012. Da ita nake kai yara makaranta, da ita muke tafiya in iyali sun taru. Wata uku ke nan ta canza mini hali. A da in na cika tanki sai in yi kwana goma ban waiwayi gidan mai ba, yanzu kwana shida allura ta kwanta. Ba ta fizga, ba ta hayaƙi, bugu ɗaya take tashi. An canza fulogi shida, an wanke nozul, an sa sabuwar eya kilina, duk kanwar ja ce. Yanzu makanike ya ce a canza famfon mai. Na ce kafin in ƙara zuba kuɗi bari in tambaya.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Kafin a tuhumi mota a fara tuhumar ƙafa. Wa yake tuƙa ta ban da kai? In akwai saurayi a gidan da ya koyi mota kwanan nan, to an gama bincike. Shekara talatin ina riƙe da sitiyari, na ga mota ɗaya ta ba direba biyu lissafi biyu.

Baban Yara:
Baba, babban ɗana shekararsa sha ɗaya. Ni ne sai maman yara, ita kuwa in ta kai 60 sai ta fara salati.

Injiniya:
Malam Baban Yara, dakata da famfon nan. Famfon da ya raunana mota yake sa wa shaƙewa in an taka, musamman a hawa, kai kuwa ka ce ba ta fizga. Sannan "kwana goma" da "kwana shida" ba awo ba ne, don ba mu san tafiyar da aka yi a cikinsu ba. Ka yi mana wannan: ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, kada ka bari a ƙara matsawa. Ka mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita sifili. Ka yi harkokinka kamar kullum. In ta yi ƙasa ka koma famfon da ka sha a baya, ka sake cikawa har ya katse. Ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Lambar da ta fito ita ce za mu yi magana a kanta. Allurar tanki ba abin dogaro ba ce, rabin sama yakan daɗe bai sauka ba, rabin ƙasa kuwa ya zube da wuri.

Baban Yara:
Wannan ina da shi ashe. Ina rubutawa a wani ɗan littafi da ke cikin aljihun gaban mota. Cikawar ƙarshe lita 55 ta shiga, na yi kilomita 302. A watannin baya kuwa ina ganin 460, 470 da lita kusan haka.

Injiniya:
Madalla, ka hutar da mu. Ke nan daga kilomita 8 da rabi a lita ka faɗo zuwa 5 da rabi. Wannan faɗuwa ce ta sama da kashi ɗaya bisa uku. Ƙafa kaɗai ba ta yin haka in hanya ba ta canza ba. Akwai abin da ya lalace ko aka taɓa.

Sarkin Gudu:
Ka sayi maganin nan da ake zubawa a tanki, kwalba ɗaya ta isa. Akwai kuma wani ƙarfe mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai, an ce yana rage sha da rabi.

Mai Shiru:
Wa ya ce? Da maganaɗisu yana rage shan mai da rabi da kamfanonin mota sun daɗe da liƙa shi tun daga masana'anta. Su da suke kashe dukiya don su rage kashi biyu cikin ɗari.

Maman Biyu:
Ni ba makanike ba ce, amma abin da ya same ni zan faɗa. Tawa ta taɓa yin irin wannan, muka yi ta zargin inji, ashe birkin ƙafar baya ne yake kamawa. Yadda na gane, wata rana na sauke yara na zagaya zan buɗe but, sai na ji wani zafi yana bugun ƙafata daga wajen taya, ga ƙauri kamar an ƙona roba. Sauran ƙafafu uku lafiya lau. Ka yi tafiyar kamar minti ashirin a hanyar da ba ka yawan taka birki, ka tsaya, ka kai hannu kusa da kowane wili. Kusa na ce, kada ka taɓa, ni sai da yatsana ya tashi. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, to kana jan kaya ne ba ka sani ba.

Ɗan Gareji:
Hajiya ta yi gaskiya, muna ganinsa da yawa. A ɗaga motar a jak, a juya kowace taya da hannu. Wadda ta ƙi juyawa ko ta tsaya nan take ita ce. Galibi ƙusoshin da kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki, ke zamewa a kansu ne suke bushewa, a wanke a sa giris, shi ke nan. A duba birkin hannu ma.

Tsohon Direba:
Iskar taya fa? Yaran yanzu sai taya ta kwanta suke tunawa da mai faci.

Injiniya:
A duba, Baba, amma kada a ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk psi ɗaya (ma'aunin iskar taya ke nan) da iska ta ragu a tayoyi, shan mai yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Ko da psi goma ya rasa, kashi biyu ne. Mu kuwa sama da kashi talatin muke nema. Adadin da ya dace yana jikin wata takarda da aka liƙa a bakin ƙofar direba, in ka buɗe za ka gani. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Haka eya kilina ɗin da ka saya. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da matatar iska a toshe. Mai kabureta shan manta ya ƙaru, amma motocin zamani masu nozul ƙarfinsu ne ya ragu, shan mai bai canza wani abin kirki ba, don ƙwaƙwalwar motar tana auna iskar da ta shigo ta ba da mai daidai da ita. Ba asara ka yi ba, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Tambayata ɗaya: akwai fitilar da ke kunne a dashbod?

Baban Yara:
Babu... sai dai ta cek injin, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Ita kam ta daɗe a kunne. Makanike ya ce ba komai, haka motocin nan suke.

Mai Shiru:
Innalillahi. Mota tana ta ɗaga hannu tana son magana, mu kuma muna nan muna duba.

Maman Biyu:
Haba Baban Yara! Da wannan ai za ka fara.

Injiniya:
Ta daɗe, tun yaushe? Ka tuna da kyau. Me aka yi wa motar kafin ta kunnu?

Baban Yara:
Bari in ga littafin. Wata uku da 'yan kwanaki. A lokacin ta tafasa mini a cikin cunkoso, tururi ya tashi daga bonet, yara suka firgita. Aka ja ta zuwa wani gareji da ke kusa, ba wurin makanikena ba. Mutumin ya ce tiyon ruwa ne ya fashe, ya canza. Ya kuma nuna mini wani ɗan ƙarfe mai sifirin, ya ce ya cire shi don shi ke hana ruwa zagayawa, ya ce ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an kunna mota. Tun ranar kuwa ba ta sake zafi ba, allurar zafi ma da ƙyar take ɗagawa daga ƙasa. Har godiya na yi masa.

Injiniya:
To ga ɓarawonka nan. Tamostat ya cire maka.

Ɗan Gareji:
A'a Injiniya, a nan zan saɓa maka. Tamostat na ƙasashen sanyi ne, inda ƙanƙara take zuba. A wurin da rana take dukan mota tun safe, me inji zai yi da abin riƙe zafi? Mun cire wa motoci ba adadi, masu su suna ta hawa lafiya. Inji mai sanyi ai shi ne mai lafiya.

Injiniya:
Oga, ina girmama hannunka, amma bari mu bi abin a hankali. An ƙera injin mota ne ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 90. Rana mafi zafi da ka taɓa gani, iska ta kai nawa? 45? To ko a ranar, iskar da take ratsa lagireto rabin zafin da inji yake so ce. A wurin inji duk duniya ƙasar sanyi ce. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ba su fi kowa ƙanƙara ba.

Aikinsa kamar mai gadin ƙofa ne. In an tayar da mota da safe yana rufe, ruwa yana zagayawa a cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumi. In ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa, galibi tamanin da wani abu, sai ya buɗe ruwa ya tafi lagireto ya huce. Yana buɗewa yana tsukewa, zafi ya tsaya wuri ɗaya. In ka cire shi, ka kuma sa fanka tana hurawa ba hutu, inji ba zai taɓa kaiwa inda ake so ba.

Ga inda mai yake tafiya. Fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai a cikin inji mai sanyi, don haka ƙwaƙwalwa takan ƙara mai har inji ya ɗumama. Masu tsofaffin motoci sun san cok, da ake ja da safe a mayar in mota ta ɗau zafi. To motar Baban Yara wata uku ke nan tana yawo da cok a jaye. In komai daidai ne, awon da ake so shi ne iska kashi 14.7 a kan fetur kashi ɗaya, ita kuwa tana ba da fetur fiye da haka. Na biyu, a motoci masu otomatik da yawa ƙwaƙwalwa ba ta barin giya ta kulle da inji, wasu ma ba ta ba su giyar ƙarshe, sai ruwa ya yi zafi. Sai ka ga kana gudu kaɗan inji yana ta kuka. Na uku, baƙin mai mai sanyi ya fi kauri, inji yana wahalar juya shi. Ga fanka tana jan wuta ba dare ba rana, altaneta kuma daga jikin inji yake ci.

Baban Yara:
Wallahi kukan nan na lura da shi. A babbar hanya allurar inji tana zama sama da inda na saba ganinta, na ɗauka tsufa ne.

Ɗan Gareji:
Na ji bayaninka, kuma ban ƙi ba. Amma ku da kuke ofis ba ku san abin da muke gani ba. Ka sa wa mutum sabon tamostat, ashe jabu ne, bayan sati biyu ya maƙale a rufe, mota ta tafasa a daji, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Wa za a zo a kama? Ni. Wanda na cire wa kuwa ba ya dawowa da faɗa, don mai a hankali yake zurarewa, ba ya ganin hannuna a ciki. Tsakanin ƙarin mai da ƙonewar inji, wanne za ka zaɓa wa mutum?

Mai Shiru:
Aƙalla ka faɗi gaskiya. Cirewar kariyar makanike ce, ba ta mota ba.

Ɗan Gareji:
Kariyar mu duka ce, Malam. Ka taɓa biyan kuɗin kan inji?

Injiniya:
Maganarsa tana da tushe, kada a yi masa taron dangi. Jabun kaya bala'i ne. Amma ai ana gwada tamostat kafin a ɗaura. A sa shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta, a tsoma ma'aunin zafi. In ruwan ya kai lambar da ke jikinsa za ka ga bakinsa ya fara buɗewa, kafin ya tafasa ya buɗe sosai, in an sauke ya huce ya koma ya rufe. Minti goma ne. Wanda ya ƙi buɗewa a mayar wa mai shi. Sannan motar da ta tafasa akwai dalilinta: tiyo ya fashe, lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya ci, ko fanka ba ta tashi. Ruwa ba ya tsami banza. A wannan motar ma an ga dalilin, tiyo ne, an kuma canza shi. Cire tamostat ɗin ƙari ne kawai aka yi masa.

Baban Yara, kada ka yarda da ni ma haka nan. A sa mata kwamfuta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiran tsarin OBD2, taka ma tana da ita. Akwai ƙananan na'urori da ake soka wa a nan su haɗu da waya. Ka karanto mana lambar laifin da ta ajiye, da zafin ruwa bayan tafiyar rabin awa. In hasashena daidai ne za ka ga P0128, lambar da ke nuna ruwan inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata. In kuwa ka ga P0171 ko P0172, to maganar ta koma kan awon iska da mai, sai mu duba sansar iska da ta salansa. Kada ka bari a goge lambar kafin ka rubuta ta.

Sarkin Gudu:
Kafin nan ka riƙa sa ta a furi, wato ka cire ta daga giya, in za ka gangara, kana tsimin mai.

Tsohon Direba:
Kul! Wannan ɗabi'a ta kashe mutane. Mota mai nauyi cike da yara, a gangara, ba giya, birki kaɗai? In ya ɗau zafi ya saki fa?

Injiniya:
Kuma ba ta tsimin komai. Motar zamani in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙwaƙwalwa takan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya inji. A furi kuwa dole ta ba shi mai don kada ya mutu.

Baban Yara:
Na dawo, jama'a. Gani ya kori ji. An sa kwamfuta: P0128, ita kaɗai. Mun zagaya na minti talatin da biyar da na'urar a jiki, ina kallon wayar yaron da idona, zafin ruwa bai wuce 61 ba, in mun hau babbar hanya ma sai ya sauko 55. Na kuma yi gwajin Maman Biyu. Ƙafar baya ta dama ta fi sauran ɗumi, ba sosai ba, amma da aka ɗaga a jak sai da aka sa hannu biyu ta juya. Tayoyi kuma 27 na samu, takardar ƙofa ta ce 33. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Maman Biyu:
Ka gani ko! Allah ya sa fad ɗin birkin bai cinye ba.

Injiniya:
To a sa tamostat na asali, mai lambar zafin da littafin motar ya faɗa, a gwada shi a ruwan zafi tukuna. In yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙusa a gefe, ramin ya kalli sama don iska ta fita. A mayar da wayar fanka yadda kamfani ya yi ta, a tsaya a gani da ido cewa tana tashi da kanta in zafi ya kai, tana kuma tsayawa. Wannan shi ne mafi muhimmanci, don in an mayar da tamostat fanka ba ta tashi, za ka koma gidan jiya. A zuba ruwan lagireto na gaskiya, a fitar da iskar da ta maƙale. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji da zafi.

Abu na ƙarshe, zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. In kana jin warin fetur, ka juye shi ko da lokacin sabis bai yi ba. Man da bai ƙone ba yana gangarawa ta jikin silinda ya tsinka shi.

Baban Yara:
Na sansana. Kamar na sa hanci a bakin tanki.

Ɗan Gareji:
To a juye. Kuma ka zauna a wurin har a gama, ka ga fankar ta tashi sau biyu kafin ka tafi. Satin farko idonka ya riƙa kai wa allurar zafi, in ta wuce rabi ka faka nan take. Ni dai har yanzu ina tsoron jabu.

Baban Yara:
Bayan sati biyu ga rahoto. An sa tamostat, a gabana aka dafa shi ya buɗe. An gyara fanka, an wanke kalifa an sa giris, an juye baƙin mai, an cika iska 33. Ban canza famfon mai ba. Allurar zafi yanzu cikin minti kaɗan take hawa kusa da rabi ta tsaya cak, fitilar cek injin ba ta dawo ba, kukan nan na babbar hanya ya tafi. Cikawar jiya: kilomita 418, lita 52. Takwas ke nan da ɗigo kaɗan.

Mai Shiru:
Saura rabin kilomita ka koma yadda kake.

Tsohon Direba:
Wannan rabin na ƙafa ne, na faɗa tun farko. Ko kuma zaman jiran yara a bakin makaranta da inji a kunne da esi. Babban inji irin wannan yana iya shan lita ɗaya zuwa biyu a awa yana tsaye, kilomita sifili.

Maman Biyu:
Akwai kariya, ƙarfen nan na ɗora kaya, a saman motar? Ko ba kaya a kanta tana tare iska in ana gudu.

Baban Yara:
Akwai, tun tafiyar da muka yi bara ban sauke ba. A but kuma akwai tsohon batir da na ce zan mayar, da jarka biyu na ruwa, da keken yara da ya karye. Esi kam Baba sai dai a yi haƙuri, maman yara ba za ta zauna a mota ba shi ba. Gobe Asabar zan kwance kariyar in kwashe kayan, in sake cikawa in auna.

Ɗan Gareji:
Injiniya, ma'aunin zafin nan da ake tsomawa a tukunya, wane iri ne? Akwai wata mota a wurina da na cire wa nata watan jiya, mai ita ya fara ƙorafin mai.